Dokar Bindiga da Wuƙa a Faransa: Abin da Ya Kamata Iyalanmu na Paris da Lyon Su Sani



Na rubuta wannan bayani ne saboda wata tambaya da take yawan dawowa a tsakanin jama'armu, musamman masu shaguna, da direbobin da ke aikin dare, da kuma samarinmu masu kallon bidiyon Amurkawa a intanet. Tambayar kuwa ita ce: shin mutum zai iya mallakar ƙaramar bindiga ya riƙa yawo da ita a ɓoye a ƙugunsa domin kare kansa? Kuma shin zai iya sayo sassanta ya haɗa ta da hannunsa kamar yadda ake gani a waɗancan bidiyoyi? Amsar duka biyun a ƙasar nan ita ce a'a. Wanda ya yi ɗaya daga cikinsu ya aikata babban laifi, kuma ga baƙo irinmu abin ba ya tsayawa a ɗauri da tara, yakan taɓa katin zama da aiki da makomar iyali. Zan bi maganar daki-daki domin kowa ya san inda iyakar take.

Wace irin bindiga ake nufi?

Ƙaramar bindigar hannu iri biyu ce. Akwai libarba, mai tulun harsashi da ke juyawa, akwai kuma fistol mai ɗura kanta. Ita ta biyun duk lokacin da aka ja kunama harsashi ɗaya ke fita, sai ƙarfin harbin ya watsar da kwanson da aka harba ya kuma ɗora wani harsashin daga gidan harsashi. Wadda ta fi suna a wannan iri ita ce Colt 1911, ƙirar Ba'amurke John Browning, wadda sojan Amurka suka riƙe daga 1911 har zuwa 1985. Akwai kuma Browning Hi-Power da aka fara ƙerawa a Herstal ta ƙasar Beljiyam a 1935.

A Amurka mallakar makami haƙƙi ne da aka rubuta a tsarin mulki tun 1791, kuma a 2022 Kotun Ƙolinsu ta yanke cewa haƙƙin ya haɗa da fita da bindiga waje domin kare kai. Fiye da rabin jihohinsu ma ba sa neman lasisi kafin mutum ya ɓoye ta a jikinsa. Wannan ne ya sa za ka ga Ba'amurke ya zauna a garejinsa yana gyaran bindigarsa yana koya wa duniya. To mai karatu ya sani, dokar Texas ba ta aiki a Barbès ko a Guillotière.

Faransa ma ƙasar maƙeran bindiga ce. Garin Saint-Étienne, wanda bai fi tafiyar awa ɗaya daga Lyon ba, ya shahara da wannan sana'a har a zamanin juyin juya hali aka sauya masa suna zuwa Armeville, wato garin makamai, kuma a can ne cibiyar gwajin bindigogi ta ƙasa take. Amma a wurin Faransawa riƙe makami a kan titi aikin hukuma ne. Ko a gida ma haka abin yake, domin dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa, ta bambanta su da bindigar toka ta maharba.

Rukunoni huɗu na makamai

Dokar 6 ga Maris 2012, wadda ta fara aiki a watan Satumba 2013, ta soke tsohon tsarin rukuni 8 da aka gada tun 1939, ta raba makamai gida huɗu. An ƙara tsaurara ta a 2018, bayan hare-haren Paris na 2015 da kuma sabuwar ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2017.

Rukunin A: makaman da aka haramta wa farar hula, irin su makaman yaƙi da bindigogi masu ɓarin wuta ba tsayawa. A 2025 an ƙara da manyan wuƙaƙen nan da ake kira "zombie" da kuma ƙarfen naushi na zamani da ake zura wa yatsu.

Rukunin B: makaman da sai an nemi izini an samu kafin a saya. Fistol da libarba a nan suke, haka ma gwangwanin barkonon tsohuwa da ya wuce mililita 100, da na'urar lantarki mai harbi daga nesa.

Rukunin C: makaman da ake yi wa rajista, yawancinsu bindigogin farauta. Ba a sayar da bindigar farauta sai ga mai lasisin farauta ko na wasan harbi. Tun 1 ga Yuli 2024 bindigar tsoratarwa, wadda ke ƙara ba tare da fitar da dalma ba, ta dawo wannan rukuni, alhali a da kowane baligi yana iya sayenta kai tsaye.

Rukunin D: waɗanda baligi zai iya saya ya ajiye a gidansa ba tare da izini ba, kamar wuƙar suka, da kulki, da ƙaramin barkonon tsohuwa da bai wuce mililita 100 ba, da na'urar lantarki ta taɓa jiki, da bindigar iska mai ƙarfin jul 2 zuwa 20.

Mallaka daban, fita da makami daban

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Dokar ta bambanta abu uku: ajiye makami a gida, da ɗaukarsa a jiki a shirye, wanda suke kira "port", da kuma kai shi daga wani wuri zuwa wani a kulle, wanda suke kira "transport". Izinin ajiyewa ba ya ba mutum izinin fita da shi. Ko da bindigar taka ce ta halal da takardunta, ranar da ka soke ta a ƙugu ka fita ka karya doka, ko a ɓoye take ko a bayyane. Mota ma ba gida ba ce a wannan babi, don haka abin da ke ƙarƙashin kujerar direba ko cikin aljihun gaban mota ana lissafa shi an fita da shi.

Ga mafi girman hukuncin da doka ta tanada:

Mallakar makamin rukunin A ko B, ko sayensa, ko miƙa shi ga wani ba da izini ba: ɗaurin shekara 5 da tarar Yuro 75,000.

Fita da makamin rukunin A ko B ba tare da halastaccen dalili ba: shekara 7 da Yuro 100,000. Idan mutum biyu ko fiye aka kama tare da makamai, ya koma shekara 10 da Yuro 500,000.

Fita da na rukunin C: shekara 2 da Yuro 30,000.

Fita da na rukunin D: shekara 1 da Yuro 15,000.

Abin lura, faɗin cewa "ina tsoron ɓarayi ne" ko "unguwarmu ba tsaro" ba ya cikin halastattun dalilai. Hasali ma wanda ya gaya wa ɗan sanda cewa don kare kai ya ɗauko abu, ya shaida da bakinsa cewa a matsayin makami ya ɗauko shi.

Su wa aka yarda su riƙe bindiga?

'Yan sandan ƙasa, da jandarma, da jami'an duwan, da soja, da masu rakiyar motocin kuɗi, da wasu jami'an tsaron jiragen ƙasa. Bayan hare-haren 13 ga Nuwamba 2015 aka yarda wa 'yan sanda su riƙe bindigarsu ko ba sa bakin aiki. 'Yan sandan gari kuwa sai magajin gari ya nema kuma perfe ya amince. Na Lyon an ba su bindiga bayan waɗancan hare-hare, amma na Paris da aka kafa a 2021 ba a ba su ita a lokacin kafa su ba. Mai karatu ya duba, idan har ma'aikaci mai kaki sai da wannan dogon mataki, ina ga ni da kai?

Ga farar hula ƙofa biyu ce kawai, kuma duka ƙunci gare su. Ta farko, ministan cikin gida da kansa yana iya bai wa mutumin da rayuwarsa ke cikin wani haɗari na musamman izinin riƙe bindigar hannu ɗaya da harsashin da bai wuce 50 ba, na tsawon da bai wuce shekara 1 ba, sai an sabunta. Ba kasafai ake bayarwa ba. Ta biyu, perfe yana iya yarda wa wanda sana'arsa ke jefa shi cikin babban haɗari ya ajiye bindiga ɗaya a wurin aikinsa, ba tare da ya fita da ita ba. Mai shagon kayan abinci a Château-Rouge ko mai tuƙin tasi a Villeurbanne kada ya sa rai da ɗayansu don kawai an taɓa yi masa ƙwace.

Haɗa bindiga da hannu

A gida mun san maƙera masu ƙera adaka, shi ya sa wasunmu suke ganin abin kamar sana'ar hannu ce kawai. A nan kuwa ƙera makami aiki ne na mai lasisin hukuma kaɗai. Manyan sassan fistol, wato bututunta da gangar jikinta da murfin sama mai zamewa, kowannensu doka tana kallonsa a rukuni ɗaya da cikakkiyar bindigar. Saboda haka wanda ya yi odar sashe guda daga waje ta intanet ba da izini ba, ya riga ya shiga laifi tun kafin ya haɗa komai, kuma jami'an duwan suna binciken ƙunshin kayan da ke shigowa.

Haɗa bindiga, ko farfaɗo da wadda aka kashe, ko sauya ta yadda za ta koma wani rukuni, hukuncinsa shekara 5 ne da Yuro 75,000. Goge lambar jikinta ma haka. Ƙerawa ko fataucinta ba da izini ba shekara 7 ne da Yuro 100,000, idan kuma gungu ne ya kai shekara 10. Hukuma ba ta wasa da wannan babi, domin wasu daga cikin makaman da aka yi amfani da su a harin kantin Hyper Cacher na Paris a watan Janairu 2015 tsofaffin bindigogi ne da aka kashe a Sulobakiya sannan aka farfaɗo da su. Har wa yau a farkon 2024 mai gabatar da ƙara na Marseille ya sanar da kama wani gungu da ke ƙera bindigogi da injin ɗab'i na 3D yana sayarwa ta intanet a Faransa da Beljiyam. Ina roƙon iyaye masu 'ya'ya ma'abota kwamfuta su ja musu kunne. Ban da ɗauri, irin wannan bindiga da ba a gwada ba tana iya fashewa a hannun mai ita.

Hanyar halal: wasan harbi da farauta

Wanda yake sha'awar harbi tsakaninsa da Allah, doka ta buɗe masa hanya, kuma baƙo mai ingantacciyar takardar zama yana iya binta. Zai shiga kulob ɗin harbi da ke ƙarƙashin hukumar wasan harbi ta ƙasa, wato FFTir, ya kawo takardar likita, ya karɓi lasisin shekara. Da farko da bindigar kulob zai koya, a gaban malamai. Kafin ya nemi izinin sayen tasa sai ya halarci zaman harbi 3 da aka sa wa ido cikin wata 12, tsakanin kowane biyu aƙalla wata 2, sannan hukumar ta ba da shaidar amincewa. Dole ne kuma ya kasance yana da akwatin ƙarfe mai makulli a gida.

Tun watan Fabrairu 2024 ta shafin gwamnati mai suna SIA 'yan wasan harbi suke shigar da buƙatarsu. Mazaunin birnin Paris hedikwatar 'yan sandan Paris ce ke duba takardunsa, na Lyon ofishin perfen Rhône, na Saint-Denis ko Montreuil kuma ofishin perfe da ke Bobigny. Za a duba takardar tarihin laifuffukansa, a duba ko sunansa yana cikin FINIADA, wato kundin waɗanda aka hana mallakar makami, a kuma yi bincike a kan halinsa. Izinin na shekara 5 ne, kuma perfe yana iya janye shi ya sa a karɓe makaman idan ya ga alamar haɗari, misali rikicin cikin gida. Bayan duk wannan, abin da aka yarda masa shi ne ya kai bindigar filin harbi ya dawo da ita, ba harsashi a ciki, an sa wa kunamarta makulli ko an cire mata wani sashe yadda ba za ta harbu nan take ba.

Mai son farauta kuma sai ya ci jarrabawar lasisin farauta da hukumar OFB ke shiryawa, ya riƙa sabunta shi kowace shekara. Bindigar farauta ma a cikin jakarta take tafiya, ba harsashi a ciki.

Wuƙa, takobi da barkonon tsohuwa

A gaskiya mutanenmu ba su cika faɗawa hannu saboda bindiga ba. Wuƙa ce ta fi jawo mana matsala, saboda mun taso muna ganin dattijo da 'yar wuƙarsa a kube, makiyayi da addarsa, ba wanda ya ɗauke su 'yan ta'adda. Ana yawan cewa wai idan tsinin wuƙa bai wuce faɗin tafin hannu ba babu laifi. Wannan magana ba ta cikin dokar Faransa. Ɗan sanda, sannan alƙali, su ne suke duba irin wuƙar da wurin da lokacin da kuma dalilin da aka bayar. Ƙaramar Opinel a cikin kwandon abinci ranar fita shan iska a Parc de la Tête d'Or daban take da wannan wuƙar dai a aljihun saurayi da ƙarfe 1 na dare a tashar Châtelet. A manyan tashoshi irin su Gare du Nord da Part-Dieu ana yawan binciken jakunkuna, kuma tun 2015 sojojin Sentinelle suna sintiri a irin waɗannan wurare.

Daga 2024, a wasu garuruwa har da Paris, ɗan sanda yana iya yanka wa wanda aka kama da makamin rukunin D tarar Yuro 500 nan take idan ya miƙa makamin. Kada a ɗauke ta kamar tarar ajiye mota ba daidai ba. Tarar laifi ce, kuma tana shiga tarihin mutum.

Ga shawarata ga masu sana'a. Mahauci, ko mai tsire, ko mai dafa abincin biki, ko wanzami, ya naɗe kayan aikinsa ya sa su a ƙasan jaka a rufe, ya riƙe wata shaidar sana'arsa kamar takardar albashi ko ta rajistar kasuwanci, ya kuma tafi kai tsaye daga gida zuwa wurin aiki. Wanda ya sayi sabuwar wuƙar kicin ya bar ta a kwalinta tare da rasit. Lokacin layya kuma a tuna cewa yanka a gida ko a gareji haramun ne a dokar ƙasar, hukuncinsa yana kaiwa wata 6 da Yuro 15,000. A mayankar da hukuma ta amince ake yi, don haka babu dalilin yawo da wuƙar yanka a metro ranar Sallah.

Masu dawowa daga hutu da tsarabar takobin Agadas ko wuƙar damtse domin ado, su sani cewa ba a shiga da su cikin jirgi a jakar hannu, kuma shigo da wuƙar suka daga wajen Tarayyar Turai yana buƙatar izinin duwan. A tambaya tun kafin a taso. Idan ƙungiya za ta yi wasan gargajiya da takubba a zauren biki, a kai su a naɗe cikin but ɗin mota, a sanar da masu zauren, kada yara su fita da su titi ɗaukar hoto.

'Yan'uwa mata masu tashi aikin shara da asuba ko masu dawowa da dare sukan sa ƙaramin barkonon tsohuwa a jaka. Sayensa halal ne ga baligi, amma fita da shi yana ƙarƙashin waccan ƙa'ida ta halastaccen dalili, kuma jami'in da ya gan shi ne zai fara auna dalilin. Ƙaramar na'urar ƙararrawa mai tsananin ƙara ko usur ba su da wannan matsala.

'Ya'yanmu da makaranta

A watan Fabrairu 2021 an kashe yara biyu 'yan shekara 14 da wuƙa a faɗan gungun unguwanni a yankin Essonne, kudu da Paris. A watan Yuni 2025 kuma wani ɗalibi ɗan shekara 14 ya kashe wata mai kula da ɗalibai a ƙofar makaranta a garin Nogent, ana cikin binciken jakunkuna. Tun 2025 jami'an tsaro suna binciken ba-zata a ƙofofin makarantu, kuma ɗalibin da aka samu da wuƙa ana gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa a kuma sanar da mai gabatar da ƙara. Shiga makaranta da makami laifi ne mai hukuncin da ya kai shekara 7 ga baligi. Yaro ana sassauta masa, amma diyyar ɓarnar da ya yi a wuyan iyaye take.

Yawancin yaran da ke ɗaukar wuƙa tsoro ne ke sa su. Idan ɗanka ya fara ƙin zuwa makaranta ko yana sauya hanya, zauna da shi ka ji wanda yake tsoro, ka je ka ga shugaban makarantar. Lambar 3018 kyauta ce domin yaran da ake tsangwama. Bindigar wasa mai kama da ta gaske ma a yi hattara da ita, domin wanda ya tsorata mutum da ita doka tana hukunta shi kamar mai makamin gaske, kuma jami'in da ya hango ta da dare ba shi da lokacin tantancewa.

Kare kai a idon doka

Dokar Faransa ta yarda mutum ya kare kansa ko waninsa, bisa sharaɗin cewa harin na zalunci ne, yana faruwa a lokacin, martanin ya zama dole, kuma bai wuce girman harin ba. Kare dukiya kaɗai ba ya halasta kisa da gangan. Ana kyautata wa mutum zato idan ya tunkuɗe wanda ya fasa masa gida da dare, ko ya kare kansa daga masu fashi da ƙarfi, amma kotu tana iya rushe wannan zato. A 2013 wani mai shagon zinariya a Nice ya harbe ɗan fashin da ke gudu a kan babur bayan sun yi masa fashi. Dubban ɗaruruwan mutane sun goya masa baya a Facebook, amma a 2018 kotu ta same shi da laifi ta yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na shekara 5, saboda wanda ya juya baya yana gudu ba ya cikin kai hari.

Abin da ya fi shafar baƙo

Bafaranshe idan ya gama zaman kaso gidansa zai koma. Baƙo kuwa wata shari'ar ce ke jiransa. Perfe yana da ikon ƙin sabunta katin zama ko janye shi idan ya ga mutum barazana ne ga zaman lafiyar jama'a, kuma dokar shige da fice ta 26 ga Janairu 2024 ta rage kariyar da waɗanda suka daɗe a ƙasar ko masu iyali suke da ita daga kora. Kotu ma tana iya haɗa wa mai laifin bindiga da hana shi zama a Faransa. Wanda aka yi wa ɗaurin wata 6 ko fiye na zaman kaso, ƙofar zama ɗan ƙasa ta rufe masa muddin hukuncin yana cikin tarihinsa, kuma ko ƙaramin laifi yana iya sa a ɗage buƙatarsa.

Sai kuma abinci. Da yawa daga cikinmu aikin gadi suke yi, wanda sai da katin hukumar CNAPS, wasu suna aiki a filin jirgin Roissy ko na Saint-Exupéry da bajo na musamman, wasu suna tuƙin VTC. Duk waɗannan sai an binciki tarihin mutum kafin a ba shi, a kuma sake bincika lokacin sabuntawa. Wuƙa guda a aljihu tana iya raba magidanci da aikin da yake ciyar da gida biyu, na nan da na can.

Ajiya, saƙo da abin da aka tsinta

Mu mutane ne masu riƙon amana da jin nauyin juna, kuma miyagu sun san haka. Idan wani ya ce ka ajiye masa jaka a ɗakinka ko a ɗakin ajiya na ƙasan bene, ka buɗe ka gani a gabansa, in ya ƙi ka ce masa ya yi haƙuri. Wanda aka samu bindiga a gidansa shi ne mai laifin mallaka, ko da ba tasa ba ce. Haka nan saƙon da ake ba matafiyi a filin jirgi. Iyaye mata su riƙa leƙa ɗakin samari, domin masu fataucin ƙwaya sun saba ɓoye kayansu a gidajen mutanen kirki da ba a zargi.

Wanda ya tsinci bindiga, ko ya tarar da ita a gidan da ya kama haya, ko a kayan mamaci, kada ya taɓa ta, kada kuma ya ɗauke ta ya nufi komisariya da ita a jaka. Ya kira 'yan sanda ko jandarma su gaya masa yadda za a yi. Akwai tsarin miƙa makami ga gwamnati kyauta. A makon da aka ware daga 25 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba 2022, jama'a sun miƙa makamai kusan 150,000 da harsashi kusan miliyan 4 ba tare da an tuhume su ba.

Idan kana cikin tsoro, ko an kama wani naka

Lambar 'yan sanda 17 ce, ta gaggawa a duk Turai 112, wanda ba zai iya magana ba kuma ya aika saƙon tes zuwa 114. Wanda aka yi wa barazana ko ƙwace ya shigar da ƙara, wato "plainte", a kowace komisariya, kada ya tsaya a "main courante", wadda rubuta bayani ce kawai. Lambar 116 006 ta taimakon waɗanda aka zalunta ce, 3919 kuma ta matan da ake duka a gida, kuma alƙali yana iya ba su umarnin kariya har ya hana mijin riƙe makami. Mai shago ya nemi jami'in ba da shawarar tsaro na 'yan sanda, wanda ke duba shago kyauta ya ba da shawara a kan kyamara da ƙofa da ajiyar kuɗi.

Idan kuma an kama wani, tsarewar farko awa 24 ce, ana iya ƙara wasu 24. Yana da haƙƙin lauya, da tafinta, da likita, da sanar da iyalinsa da ofishin jakadancin ƙasarsa, da kuma yin shiru. Kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba. Marar hali yana iya neman gwamnati ta biya masa lauya, kuma ana samun shawarar lauya kyauta a wuraren da ake kira Point-justice, waɗanda ake samun mafi kusa ta lambar 3039.

Dokokin makamai suna yawan sauyawa, don haka kafin ka sayi wani abu ka duba shafin service-public na gwamnati ko ka tambayi ofishin perfen yankinka. Ina roƙon wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman sababbin zuwa da samarinmu, ya kuma buga shi a kai majalisun da muke haɗuwa. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya ba mu zaman lafiya a inda muke, Ya mai da mu gida da mutuncinmu.